Gishirin Teku a Jikin Jirgi da Cikin Inji: Amsa Ga Ɗan'uwa Mai Tuƙi a Legas

Tambayar ta fito ne daga wani ɗan'uwa mutumin Yawuri, wanda ya tashi yana tuƙa jirgi a Kogin Kwara, yanzu kuma nema ya kai shi Legas. Ya ce jirgin fayiba yake ja, mai injin Yamaha na ratayawa a baya, yana jigilar mutane da kaya tsakanin Apapa da unguwannin tsallaken ruwa, wani lokaci har ya leƙa bakin teku. Tun da rani ya shigo yake ganin wani farin abu yana kwanciya a jikin jirgin da kan inji, notuna sun soma tsatsa, ruwan da inji ke tsartarwa ta gefe ya ragu, injin kuma yana ɗaukar zafi. Ya wanke da omo, ya dirje da tsumma, amma abin sai ya dawo. Yana son sanin yadda ake raba jirgi da gishirin nan.

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya sa albarka a nema, ya tsare hanya.

Farin da kake gani a jikin jirgi ba shi ne babbar matsalarka ba, domin yawancinsa ruwan daɗi kaɗai ke tafiya da shi. Wanda ya fi damuna shi ne na cikin inji, wanda ke kwance a hanyoyin da ruwa ke bi yana sanyaya shi, inda ido ba ya kaiwa. Raguwar tsartuwa da zafin da ka ambata daga can suke. Aikina gyaran injinan jirgin ruwa ne, kuma yawancin injinan da ake kawo mini a ce sun mutu, daga waje tsaf suke, fentinsu na sheƙi. Sai an kwance ake ganin ɓarnar.

A Yawuri, ruwan da ya fantsamo kan jirgi in ya bushe ba ya barin komai sai ɗan laka. Ruwan teku kuwa, kowace lita ɗaya tana ɗauke da gishiri kusan giram 35, wato cokalin cin abinci biyu. Na Bahar Maliya ma ya fi haka, yana kaiwa giram 40, shi ya sa 'yan'uwanmu masu su a gaɓar Sudan suke shan wannan wahala sosai. Ruwan yana ƙafewa ya bar gishirin, gobe wani ya hau kansa, jibi ma haka. Ba mamaki da ka ce da rani abin ya tsananta. Ruwan lagun ɗin Legas, wato babban tafkin nan da ke haɗe da teku, ba kullum yake iri ɗaya ba. Da damina Kogin Ogun da sauran rafuka suna kwararo ruwan daɗi su tsarma shi, har kainuwa ta cika ko'ina ta hana jirage wucewa. Da ruwan sama ya ɗauke, sai teku ta riƙa turo nata ta mashigar tashar jiragen ruwa sau biyu a rana, kuma Apapa na daga wuraren da ke fara karɓa. Kainuwar nan ma ma'auni ce a gare ka: ba ta jure gishiri, in ka ga ta soma yin ja tana ruɓewa, to ruwan ya koma na zartsi, sai ka ƙara ƙaimi wajen wanki.

Sannan ka sani, ko ka ga gishirin ya yi fari fat kamar ya bushe, bai bushe ba. Gishiri yana jan danshi daga iska, da zarar danshin ya kai kashi 75 cikin 100 sai ya narke da kansa, ga shi a Legas yawancin safiya danshin ya haura haka. A cikin gishirin teku akwai kuma wani nau'i mai maganiziyom wanda ke jiƙewa ko da iska ba ta da danshi sosai. Don haka duk inda gishiri ya maƙale, ƙarƙashin noti ne ko bakin waya, wurin a jiƙe yake dare da rana da ruwan gishiri mai kauri, ko jirgin yana tudu. Wannan jiƙon ne ke cin ƙarfe.

Dalilin da ya sa wankinka bai yi aiki ba shi ne farin nan iri uku ne, kowanne da maganinsa. Na ɗaya gishiri ne zalla: ka jiƙa yatsa ka shafa, zai narke. Na biyu ƙanzo ne mai tauri, irin wanda ke kama gindin butar shayi in an daɗe ana tafasa ruwan rijiya a ciki. Shi ruwa ba ya narkar da shi, omo ma ba ya taɓa shi, amma in ka ɗiga masa ruwan khal ko lemon tsami za ka ga yana 'yar kumfa. Na uku ya fi muni. Gari ne fari mai laushi da ke fitowa daga ƙarƙashin fentin inji, inda fentin ya kumbura ya yi ƙuraje. Wannan ba daga teku ya zo ba, jikin injin ne da kansa, alminiyom ɗin ne ke ruɓewa. Ko sau nawa ka wanke shi zai dawo, sai an kankare an sake fenti.

Mu fara da inji tunda shi ne jarin. Injin ratayawa ba shi da lagireto irin na mota. Ruwan da jirgi ke tafiya a kai shi yake zuƙa ta wasu ramuka a ƙafarsa, kusa da farfela. Akwai ɗan famfo a saman giyabos mai roba mai fukafukai, ita ke tura ruwan sama ya zagaye silinda, ya fita ta wurin hayaƙi. In ka kashe inji, yawancin ruwan yana tsiyayewa, amma saura yana maƙalewa a lunguna, zafin inji ya ƙafar da shi nan take. Ƙanzon nan mai tauri kuma zafi ne ke haifar da shi, yana ƙaruwa sosai in ruwan teku ya haura digiri 60. Shi ya sa masu ƙera waɗannan injina suke sa musu tamostat, wato ɗan marfin da ke tare hanyar ruwa har inji ya yi ɗumi, mai buɗewa tun wajen digiri 50 zuwa 60, ƙasa da na mota nesa ba kusa ba. Da hanya ta fara tsukewa, inji zai ƙara zafi, zafin ya ƙara ƙanzo, ƙanzon ya ƙara tsuke hanya. Kana cikin wannan zagayen yanzu, kuma ba ya warwarewa da kansa.

Wankin cikin inji na yau da kullum ba wuya. Ka samu duro na roba, ka yanke shi, ka zura ƙafar injin a ciki, ka cika da ruwan daɗi har ya rufe faffaɗan farantin nan da ke saman farfela, ya haura shi da kamar faɗin tafin hannu, domin famfon yana sama da farantin kuma ba ya iya zuƙo ruwa in bai nutse ba. Ka sa giya a firi, in da hali ka cire farfela gaba ɗaya. Ka tayar, ka bar shi a sulo minti 10 zuwa 15. Kada ka ba shi wuta. Idonka na kan tsartuwa tun daga sakan na farko. In ba ta fito ba, kashe nan take, domin robar famfon ba ta kai minti ɗaya tana juyawa a bushe ba tare da ta ƙone ba. In kana da famfo mai ƙarfi da tiyo, akwai maƙalli mai tafin roba biyu da ake dafe ramukan shan ruwa da shi a haɗa tiyo; ka buɗe ruwa kafin ka tayar, ka kashe inji kafin ka rufe ruwa.

Minti goman nan ba don ƙa'ida kawai na faɗa ba. Mutane da yawa suna tayarwa minti biyu su kashe su ce sun wanke. A minti biyu inji bai yi ɗumi ba, tamostat bai buɗe ba, ruwan daɗin bai ratsa kan silinda yadda ya kamata ba, wato daidai wurin da gishirin ya fi taruwa. Ka sa hannu a ruwan duron, sai ka ji ya yi ɗumi, sannan ka ƙara masa wasu mintoci. Ka tuna kuma ruwan da ya zagaya cikin duron yake komawa, don haka kada ka ajiye shi ka ce gobe ma da shi za ka yi. Ka ɗanɗana da harshe. In ka ji zartsi, zubar, sa sabo, ka ƙara minti biyar.

Na san abin da za ka ce: jirgi a kan ruwa yake kwana, inji mai doki 40 ma ya kusa kilo 70, balle manya, wa zai riƙa sauke shi kullum? Ba sai ka sauke ba. Ka ɗaga injin, ka zura masa rabin duron daga ƙasa, ka ɗaure da igiya a bayan jirgi yadda bakinsa zai tsaya sama da ruwan lagun, ka sauke injin a ciki, ka kwashe ruwan gishirin da ya shiga, ka cika da na jarka. Sababbin injina masu shanyewa huɗu, wato waɗanda ba a haɗa musu mai da fetur, da yawa suna da wata kafa a gefe da ake ɗaura tiyo kai tsaye. Ita wannan, ba a tayar da inji in ana amfani da ita, a kashe ake barinsa ruwa ya ratsa na kwata ɗin awa. Tsofaffin Yamaha Enduro masu haɗin mai da fetur galibi ba su da ita, duro ne nasu.

In kullum ba zai yiwu ba, to aƙalla sau biyu a mako, kuma dole ne duk ranar da za ka ajiye jirgi ya kwana biyu bai fita ba. Injin da ke aiki kullum bai kai wanda aka ajiye da gishiri a ciki lalacewa ba, domin a lokacin bushewa ne gishirin ke ƙanƙarewa. Masu tafiya gida hutun Salla su bar inji a rataye ba wanki, su ne ke dawowa su tarar da sitiyari ya ƙi juyawa. Bayan wanki ka bar injin a tsaye ruwan ya tsiyaye. In za ka kwantar da shi, kada farfela ta fi kan inji tudu, don kada ragowar ruwa ya gangara cikin silinda ta hanyar hayaƙi. In kuma a kan ruwa zai kwana, ka ɗaga ƙafar ta fita daga ruwa gaba ɗaya.

Wannan duka rigakafi ne. Injinka ya riga ya kamu, don haka sai an bi shi daki-daki, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Ka fara da ramukan shan ruwa, domin a Legas leda da ganyen kainuwa suna toshe su fiye da yadda gishiri ke yi. Sannan ka zura tsarkiyar kamun kifi mai ɗan kauri a bakin tsartuwa, wani lokaci ɗan gishiri ne ko yashi ya toshe wurin kawai. Amma kada tsartuwa ta ruɗe ka. A injina da yawa ana ɗebo ta ne kafin ruwa ya isa tamostat, don haka abin da take shaida maka shi ne famfo yana aiki, ba wai kan silinda yana samun sanyi ba. Tana iya fita da ƙarfi inji kuma yana ƙonewa. Ka dafa kan silinda bayan ya yi aiki a sulo: in kana iya barin hannunka na wasu sakanni, lafiya, in ba ka iya ko taɓawa, akwai magana.

Daga nan sai tamostat. Murfinsa yana saman kan inji, notuna biyu zuwa huɗu ne. In ka buɗe za ka ga halin da sauran hanyoyin ke ciki, domin abin da ya kama shi shi ya kama su. Ka jiƙa shi a ruwan khal na awa ɗaya, ka goge da tsohon burushin haƙori, ka jefa shi a ruwan zafi ka ga ko yana buɗewa. In bai buɗe ba ka sayi sabo, da sabon gasket, wato shimfiɗar da ake sawa ƙarƙashin murfin don hana yoyo. Akwai masu gyara da ke cire shi su jefar su ce inji zai fi sanyi. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Injin da ba ya kai ɗumin aikinsa yana tara baƙin hayaƙi, yana kashe fulogi, yana shan mai, kuma a wasu injinan tamostat ɗin ne ke riƙe ruwa har ya cika saman silinda. In ka cire shi, sai ƙasa ta yi sanyi sama ta ƙone.

Sai robar famfo. A sauke giyabos a duba ta. In fukafukanta sun lanƙwashe sun ƙi miƙewa, ko sun tsage, ko ɗaya ya ɓalle, a canza ta tare da farantin da take gogawa. In wani yanki ya ɓalle, a nemo shi, yana nan a cikin bututu yana tare hanya. Mai aikin haya irin naka ya kamata ya duba ta aƙalla sau ɗaya a shekara.

Tunda giyabos na ƙasa kuma tamostat na waje, lokacin wanke ƙanzo ke nan. Ka samu ƙaramin famfo mai aiki da batir, irin na kwashe ruwa daga jirgi, ka haɗa tiyonsa da bututun da ke kai ruwa sama, ka mayar da murfin tamostat ba tare da shi ba, ka ajiye bokiti a ƙasa yadda abin da ya fito zai koma ciki. A bokitin ka zuba farin ruwan khal, ko hodar tsamin sitirik da ake samu a kasuwar sinadarai ta Ojota, kamar giram 50 a kowace lita. Inji a kashe. Ka bar shi yana zagayawa awa ɗaya zuwa biyu. Za ka ga ruwan ya yi fari yana fito da ɓarɓashi. Kada ka bar tsami ya kwana a ciki, domin bayan ya gama da ƙanzo alminiyom zai juya wa. Ka bi da ruwan daɗi mai 'yar hodar soda irin ta yin kek don ta kashe tsamin, sannan ruwa zalla mai yawa. Akwai ruwan wanki na kamfani irin su Salt-Away. Suna taimakawa wajen saki gishiri kuma suna barin ɗan kariya a jikin ƙarfe, amma na wankin kullum ne, ba su fasa tsohon ƙanzo. In kuɗinka bai kai ba, ruwan daɗi mai yawa a kan lokaci ya wadatar.

Akwai wani abu da mutanen ruwan daɗi ba su cika kula da shi ba, a nan kuwa rayuwar inji a kansa take. Ka duba ƙarƙashin farantin saman farfela, akwai wani ɗan ƙarfe mai kama da wutsiyar kifi, akwai wani kuma a gindin maƙallin da ke riƙe inji da jirgi, wasu injinan har a cikin kan silinda suna da ƙanana. Anod ake ce musu. Ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki, don haka duk inda ƙarfe iri biyu suka haɗu a cikinsa, mai rauni ne ke narkewa. Injinka alminiyom ne, sandar farfela da notuna sitenles ne, kuma tsakanin su biyun alminiyom ne mai rauni. Sai aka maƙala wani ƙarfen da ya fi shi rauni don gishiri ya ci shi ya bar inji. Dabarar tsohuwa ce, tun 1824 wani masanin kimiyya ɗan Ingila, Humphry Davy, ya gwada ta a jiragen sojan ruwan Ingila. Anod na tutiya na ruwan teku ne, na maganiziyom na ruwan daɗi ne kawai kuma a teku narkewa yake da sauri, na haɗin alminiyom kuwa yana aiki a teku da ruwan zartsi duka. Ga mai aiki a lagun, inda ruwa ke sauyawa da damina da rani, na alminiyom nake ba da shawara, domin na tutiya in ya daɗe a ruwan daɗi yana yin ɓawo ya daina aiki. In ya cinye rabi, canza. In ka ga shekara ta zagayo yana nan sumul, ba abin murna ba ne, ba ya aiki ne: ka kwance, ka kankare mazauninsa har ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Kada a shafa masa fenti ko giris. Na sha ganin an yi wa inji sabon fenti an haɗa da anod, wata shida ƙafar ta yi ƙuraje.

Wuraren da suka riga suka yi ƙurajen, ka kankare da samfefa har ka isa ƙarfe mai haske, ka wanke da ruwan daɗi, ya bushe sarai, ka sa fentin ƙasa na alminiyom, sannan na sama. Kada ka yi amfani da burushin waya na baƙin ƙarfe, yana barin ƙwayoyi a jiki su zama sabuwar tsatsa. Fentin hana gansakuka da ƙwari mai jan ƙarfe a ciki, wanda ake shafa wa gindin jirgi, kada ya taɓa ƙafar inji.

Jikin jirgin kuwa, kuskuren da ka yi shi ne dirza. Fatar waje ta jirgin fayiba siririya ce, ba ta wuce rabin milimita da ɗan wani abu ba, kuma busasshen gishiri yana da kaifi. In ka goge shi da tsumma a bushe, karce fatar kake yi, ta dushe, ta yi kaushi, gishirin gobe ya samu wurin kamawa. Ka fara jiƙa jirgin duka daga sama zuwa ƙasa, ka ba shi minti biyar gishirin ya narke, ka sake kwarara ruwa, sannan ka kawo soso mai laushi da sabulun wanke mota. Ka yi da sassafe ko da yamma, domin a tsakar rana ruwan yana bushewa kafin ya tafi da gishirin. Ka ɗauraye, ka tsane da tsumma mai tsabta. Tabon da ya ƙi fita ƙanzo ne: ruwan khal kashi ɗaya, ruwa kashi uku, ka fesa, minti biyu, ka goge ka ɗauraye. Bayan wata uku ko huɗu ka shafa man goge mota, yana toshe ƙofofin fatar yadda ruwa zai riƙa zamewa. Omo yana wanke wannan man, shi ya sa ba na son sa a jikin jirgi sai dai a daɓen da ake takawa.

Wasu abubuwa kada su kusanci jirginka ko da wani ya rantse maka sun yi masa aiki. Soda ta yin sabulu, kanwa da ruwan toka duk suna cin alminiyom. Asid ɗin wanke tayil da ruwan batir suna cire ƙanzo nan take, su kuma ci inji da sitenles tare da shi. Bilic yana da sinadarin da ke cikin gishiri, ƙara wa sitenles ciwo yake, kuma in ya haɗu da ruwan khal yana fitar da iska mai guba, wannan ka gaya wa yaran jirginka da babbar murya. Soson ƙarfe na wanke tukunya yana barin jan tabo. Injin wankin mota mai ƙarfi yana da amfani a gindin jirgi, amma in ka nufi sil, wato robar da ke hana ruwa shiga, ko wayoyi da shi, tura gishirin ciki yake.

Notunan da ka ce sun yi tsatsa, ka gwada su da maganaɗisu. In ya kama da ƙarfi, wataƙila baƙin ƙarfe ne da aka yi wa rufi, canza su. Sitenles ma iri-iri ne: mai lamba 304 yana yin jan tabo a bakin teku, mai lamba 316, wanda a kan noti ake rubuta masa A4, shi ne na ruwan gishiri. Ko shi ɗin, a lungun da iska ba ta shiga yake ruɓewa, ƙarƙashin zoben da ake sawa a gindin noti da cikin rami, don haka nan za ka fi nufa da ruwa. Duk noti mai shiga jikin alminiyom, a shafa masa giris na ruwa kafin a ɗaure. Ka cire farfela duk wata, ka warware tsarkiya da leda da suka naɗe sandar, domin su ke yanka sil, ka shafa giris ka mayar. Ka ɗan sassauta noti na ƙasa na giyabos ka ga man: in ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga, a canza sil da mai kafin haƙora su tafi. Kan nonon giris da ke wurin juya inji da wurin ɗaga shi, ka matsa har sai tsohon ya fito.

Ka buɗe murfin inji sau ɗaya a mako, domin iskar da yake shaƙa ma da gishiri take. In ya huce, ka goge da tsumma mai ɗan danshi, ka kiyaye bakin kafireta, ya bushe, ka fesa man hana tsatsa sama-sama. Kan batir in ya yi kore ko fari, ka cire waya, ta baƙi tukuna, ka wanke da ruwan ɗumi mai hodar soda, ka ɗaure, ka shafa basilin. Wayar da ka fere ka ga jan ƙarfenta ya yi baƙi, gishiri ya bi cikinta, yanke har inda take da haske.

Igiya, anga da tamfol a jiƙa su a ruwan daɗi lokaci-lokaci. Rigunan kariya, waɗanda LASWA da NIWA, hukumomin hanyoyin ruwa na jihar Legas da na tarayya, ke tilasta wa kowane fasinja sawa, a ɗauraye su a shanya a inuwa, a motsa zif da maɓallansu, domin rigar da zif ɗinta ya ƙage ba za ta ɗauru a jikin mutum ba ranar da ake buƙatarta. Ka ɗaga katakon daɓe ka wanke ƙarƙashinsa ma, nan ruwan gishiri ke kwana yana jiƙa tankin mai da wayoyi.

Ruwan da za ka yi wankin da shi ma sai ka tantance. Rijiyoyin burtsatse da yawa a unguwannin bakin ruwa na Legas zartsi gare su, wasu kuma ja ne mai barin tabo. Ka ɗanɗana kafin ka saya, ka tambayi 'yan garuwa daga ina suka ɗebo. Ruwan sama ya fi kowanne, in damina ta zo ka tara. In jarka biyu kaɗai ka samu a rana, ba wa inji ɗaya da rabi, ragowar ka zuba a robar feshi ka bi notuna, sitiyari da maƙallin inji; jikin fayiba yana iya jira zuwa Juma'a.

Da jirgin katako kake ja irin na gida, da wani ɓangaren maganar ya juya. Gishiri ba ya ruɓar da katako, hasali ma kare shi yake, ruwan sama da ya kwanta a ciki ne ke ruɓar da shi. Abin tsoro a teku shi ne ƙusoshi da ke tsatsa a ɓoye, da wata tsutsa mai huda katako ta cinye cikinsa ta bar waje lafiya. Ita ba ta rayuwa a ruwan daɗi, amma tana iya toshe raminta ta jure makonni, don haka sai an fitar da jirgin tudu ya bushe sosai a sake masa kwalta ko fenti.

In ka yi duk abin da na lissafa a kan inji, ramuka, tamostat, roba da wankin tsami, kuma zafin bai sauka ba, to ƙanzon ya toshe wata hanya gaba ɗaya yadda tsamin bai samu wucewa ba. Sai an cire kan silinda da murfin gefen hayaƙi an kankare da hannu. Kada ka ci gaba da ɗaukar fasinja da shi kafin nan, domin inji mai zafi yana iya ƙagewa a tsakiyar hanyar manyan jirage. Wanda zai kwance maka, ka tsaya a kansa: ya jiƙa notunan da man sassauta tsatsa tun daren jiya, ya ɗan ɗumama jikin alminiyom ɗin da ke kewaye da su, ya riƙa juyawa gaba kaɗan baya kaɗan. Notin da gishiri ya riƙe in aka yi masa ƙarfi karyewa yake a ciki, kuma haƙo shi ya fi ainihin gyaran tsada. Ya sa sabon gasket, kada ya mayar da tsoho, ya duba ƙananan anod na ciki tunda wurin a buɗe yake, ya shafa wa kowane noti giris kafin ya ɗaure.